Ranar da Na Ba Ladabi Maki Uku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da takardar da na rubuta da hannuna ta kwance mini zane a wani ƙauye kusa da Badagishiri ba.

Lokacin ina aiki da wata ƙungiya a Konni mai taimakon masu raunin fahimta. Mun buɗe wurin koyon saƙar kujeru, gurbi kaɗan, masu nema rututu. Sai aka ce in tsara takardar awon hali, kowace tambaya da maki daga sifiri zuwa uku, wanda ya haura goma sai ya jira baɗi. Sati biyu na yi ina kwaso tambayoyi daga littattafan Faransanci (a buro kuwa, wato ofis, har tafiyata sai da ta sake).

Wanda na fara gwada ta a kansa shi ne Ilu, saurayi mai shekara ashirin da biyar, ɗan wani tsoho manomin albasa, Baba Tanko. Ilu ya shigo zaure, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can bakin ƙofa. Na duba takarda: "Yana nesanta kansa da mutane." Uku. Na gaishe shi, ya amsa kai a sunkuye. "Ba ya duban mai yi masa magana." Uku. Muryarsa ƙasa-ƙasa, biyu. Aka kawo fura na ce ya matso, ya ce alhamdu lillahi. "Yana ƙin abinci." Uku, har da jan layi a ƙasa!

Na haɗa, goma sha ɗaya. Na gyara murya na ce, "Baba, sai haƙuri, bana Ilu ba zai samu ba."

Sai a lokacin na lura da jakar kayan Ilu a gefensa, ashe tun jiya ya ɗaure ta.

Tsoho ya ce, "Mushe," (haka ake kiran ɗan boko a wajenmu) "karanta mani laihin da yay yi."

Na karanta ɗaya bayan ɗaya, da alfahari ma.

"To madalla. Kai, tun da ka shigo zauren ga, ka dube ni ga ido?"

Wallahi a daidai lokacin idona na kan tabarma, ina durƙushe, takalmana na waje.

"Na ba ka kujera ka ƙiya. Hura sai da na yi maka tayi uku. Ilu, nawa za mu ba Mushe?"

Ilu bai iya rubutu ba, amma ya iya ƙirga. Ya ɗaga yatsu uku, kansa a sunkuye. Matan gida da ke bayan zana suka fashe da dariya. Tsoho kuwa bai yi ba. Ya ce, "Shekara ashirin muna koya mashi ladabin ga, da ƙyar ya riƙe shi. Kai ka taho da takarda ka ce cuta ce."

Kunya ta kashe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni Bahaushe ɗan Bahaushe, na zauna na ci tarbiyyar uwata tara!

A nan na soke makin. Takardar kuwa muka sake ta daga tushe, tare da iyaye, a kan tabarma. Ilu ya samu gurbinsa, kujerar da nake zaune a kai yanzu ma shi ya saƙa ta. Har yau in ya hango ni sai ya ɗaga yatsu uku.

Tun daga ranar, duk ma'aunin da na ƙera, ni nake fara hawa kansa.