Ranar da Na Kumbura Kamar Ƙullun Fanke

Ba zan taɓa mantawa da walimar Rabi ba, su ma mutanen Zongo sun ƙi su manta. Rabi 'yar ƙanwata ce, ta gama dogon karatu a jami'a. Ana gobe walima na ce, "Wai ke, me kika karanta duk shekarun nan?"

Ta ce, "Tonton, tsufan levure." Tonton kawu ke nan, levure kuma yis ne, na ƙullun fanke. Wai ƙwayar yis haihuwa take yi, uwar ta riƙe duk furotin ɗin da ya lalace ya dunƙule a cikinta, 'yar ta fito sabuwa fil.

Ni kuwa (aji biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, na biyun ma ta taga) abin da na ji shi ne, yis na tsotse tsufa. Ga shi Hajiya Lami, bazawarar da nake bi, mai atamfa a kasuwar Hédzranawoé, za ta zo, kuma ta taɓa ce mini, "Alhaji, ai ka kwana biyu a duniya."

Da safe na kaɗa yis ƙulli guda cikin bisap, wato zoɓo, mai sukari, na shanye. Na hau zemijan, babur ɗin haya, rana na gasa ni, ramuka na girgiza ni.

Ina isa aka ce kawu ya buɗe taro da addu'a. Lokacin cikina ya zama ganga, tazuge na neman yanka ni biyu. Na karɓi makirfo, na buɗe baki, sai gyatsa! Lasifika ta kai ta har bakin titi. Wata tsohuwa mai nauyin ji ta ce, "Amin."

Liman ya shinshina, ya matsa gefe. "Alhaji, wannan ba warin burukutu ba ne?"

Na rantse, na sake gyatsa, na faɗi gaskiya, makirfo na hannuna. Rabi ta dafe kai. "Tonton! Uwar fa mutuwa take yi!"

Hajiya Lami ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ta ce, "Da tsufa kawai ka yi, yanzu ka tsufa ka kumbura." Bayan salla ta auri wani mai sayar da tayoyi, wanda ya girme ni.

Tun ranar, in yaro ya kawo mini ilimin boko, nakan ce masha Allah, amma ba na haɗiyewa.