Filin Dabino Bai Kai Arba'in Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya ɗan fi baƙin cikin yawa a cikinta, ake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki mazauna Doha, Al Rayyan da kewaye, a madadin Injiniya Baballe Sayibu Funtuwa, rasuwar abin ƙaunarsa, Filin Dabino, filin tseren motoci da ke bayan gonakin Umm Salal. Marigayin ya cika ne a wannan shekara ta 2007, a ofishin wani dillalin filaye, a gaban lauyoyi da alƙalami mai ruwan zinare, ba tare da ko ɗaya daga cikin masoyansa yana kusa ba. Masoyan suna gida a lokacin, suna nuna tarbiyya.

An haifi marigayin a gonar wani dattijo ɗan ƙasar, Abu Rashid, wanda ya gaji da dabinon da ba ya 'ya'ya, ya sa aka sare tsakiyar gonar aka malala kwalta mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ba wani babban fili ba ne. Ba fitilu, ba rumfar manyan baƙi, kujerun 'yan kallo kuwa tsofaffin tayoyi ne. Amma an shaidi marigayin da hali guda da ya yi ƙaranci a garin nan: bai taɓa tambayar kowa wane ne kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ba. Likita da direban tankar ruwa hular kwano ɗaya suke aro, wanda ya riga isowa kuma shi ne babba har wata Juma'ar. Hausawan da suka saba da shi har sunaye suka raɗa wa gaɓoɓinsa. Akwai Kwanar Dangora, akwai wani ɗan tudu da ko akuya ba za ta yi haki a kansa ba, amma suka ce sai dai a kira shi Hawan Kibo.

Baballe ya fi kowa shaƙuwa da shi. Duk mako yana kamfanin gine-gine yana rusuna wa mutanen da ya fi su sanin aiki. Juma'a bayan la'asar sai ya fito da tsohuwar Hondarsa mai kwana a filin, wadda ya cire wa kujerun baya, ya zama mutum. Har yau in ya rufe ido yana jin muryar marigayin: wuuuum a miƙaƙƙiyar hanya, ƙiiiii a Kwanar Dangora, ɓam-ɓam na salansar da ta huje, sai kuma Abu Rashid daga kan kujerarsa ta roba yana ihu, "Yalla, ya Nijeri, yalla!" Baballe yana son filin nan, so na gaske, wanda matarsa Barira ta daɗe da haƙura da shi.

Ciwon ajali ya fara ne bayan wasannin Asiya, lokacin da kowane taƙi na rairayi a Doha ya sami mai so. Dillalai suka riƙa zagaya marigayin da igiyar awo. Abu Rashid ya kore su da sanda, ya kuma kama hannun Baballe a gaban ɗansa Rashid ya ce in har za a sayar, a fara tambayar waɗannan Hausawan. Ba a daɗe ba dattijon ya rasu. Wannan mutuwa ta gaske ce, ba ma wasa da ita, Allah Ya jiƙansa Ya kyautata makwanci.

Nan take aka kafa Kwamitin Ceton Filin Dabino, ƙarƙashin Dakta Musbahu, likitan ƙashi, mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ya gyara murya. Aka haɗa abin da aka haɗa, aka sami wani aboki ɗan ƙasa da ya yarda a saya da sunansa, tunda baƙo ba ya mallakar fili a nan. Komai ya kammala, saura buɗe baki. Kwamiti ya je ta'aziyya majalisar gidan, ya sha gahawa har cikinsa ya yi ɗaci. A rana ta uku, Rashid da kansa ya matso kusa da su, ya cika wasiyyar mahaifinsa.

"Filin nan fa," in ji shi, "me kuke so a yi da shi?"

Baballe ya buɗe baki ke nan Dakta ya take masa ƙafa. Ya gyara murya, ya haɗo Larabcinsa na asibiti, ya ce, "Haba, Rashid! Ƙasar kabarin mahaifinka ko bushewa ba ta yi ba. Mu ba ma wannan maganar yanzu."

Rashid ya dube su, ya ɗaga kafaɗa, ya ce to. Shi abin da ya ji shi ne ba sa so. Su kuwa suka fito suna taƙama. A mota Dakta ya ce, "Kun ga yadda jikinsa ya yi sanyi? Yanzu ya san da 'ya'yan mutunci yake hulɗa. Bayan sadakar arba'in mu koma, da hannu biyu zai miƙo mana."

Barira, wadda ke koyarwa tare da matan ƙasar, ta ji labari ta ajiye ludayi. "Baban Raliya, wace arba'in? Mutanen nan kwana uku suke zama, su naɗe tanti kowa ya kama gabansa. Don Allah ka koma gobe."

"Ke dai bari," in ji Baballe. "Dakta ya girme ni, ya kuma riga ni zuwa ƙasar nan. In koma ni kaɗai a ce na yi rashin kunya a gidan mutuwa?"

Bai kuwa koma ba. Kwamiti kuwa bai zauna haka nan ba, a yi masa adalci. Ya yi ta taro a kasuwar Souq Waqif a kan shayi, yana muhawara mai zafi a kan wanda zai yanke kyalle ranar buɗewa, da ko za a ƙara wa filin sunan Dakta a gaba ne ko a baya.

Ranar arba'in suka ci manyan riguna, suka ɗauki rago da kwanukan waina, suka nufi gidan. Suka tarar da majalisa wayam, Rashid na kishingiɗe yana kallon ƙwallo. Ya ga rago, ya ga fuskoki a murtuke, ya miƙe a firgice ya ce, "Wa ya rasu kuma?" Da aka yi masa bayani ya ce, "Filin? Khalas, shi ke nan, ai an sayar. Na tambaye ku, kuka ce ba kwa maganarsa." Dakta ya gyara murya, amma wannan karon babu abin da ya biyo baya. An karɓi ragon, an kuma yi godiya.

Marigayin ya rasu ya bar Baballe, da Honda marar lamba wadda ba ta da ikon taka kowane titi a ƙasar nan, da tarin tayoyi marayu, da wata kyanwa mai kwana a Hawan Kibo. Ya kuma bar kwamiti cikin ƙoshin lafiya, yana ci gaba da taro.

Game da magada, har yanzu ba a san hannun da gawar za ta ƙare ba. Kamfanin da ya saya ya sayar wa wani kamfanin, shi ma an ce yana neman mai saye, kuma babu wanda ya taɓa ganin fuskar ko ɗayansu. Abin da aka gani kawai allo ne ƙato a bakin hanya, mai hoton wasu mutane suna dariya a gefen tafki, a wurin da ruwan wanke hannu ma sai tanka ta kawo. Wasu sun ce gidajen alfarma za a gina, wasu sun ce kanti. Dillalin ya yi alkawarin za a girmama tarihin tsere, wato za a sa hoton mota a jikin ƙofar shiga, a kuma jera tudun rage gudu daga nan har ƙarshen unguwa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, a inda marigayin yake kwance. Katafila ce za ta yi wanka da sutura gaba ɗaya. Kamar yadda aka saba, na kusa ne ke shiga kabari: kamfanin da Baballe ke wa aiki shi ya sami kwangilar share wurin, manaja kuma ya ji labarin cewa babu wanda ya san filin kamarsa, sai ya damƙa masa aikin. Baballe ya nemi Dakta ya rubuta masa hutun rashin lafiya, Dakta ya ce wannan ba tarbiyya ba ce. Fasfo ɗinsa kuwa yana durowar kamfani, ba damar gudu. Don haka shi zai tsaya da hular aiki, ya nuna wa direba inda zai fara kafa haƙori. Alfarma ɗaya ya roƙa, a bar Kwanar Dangora sai a ƙarshe, aka ce za a duba.

Babu zaman makoki. Mai ta'aziyya ya sami Baballe a bakin fili, ya yi ta a tsaye. Ana roƙon jama'a kada su riƙe shi da doguwar gaisuwa, domin an ce masa ya gama kafin azahar.