Yadda Za Ka Talauce Kafin Mai Haraji Ya Iso

Kai mai niyyar tsayawa kansila a zaɓen bana, matso kusa. Na san abin da ke hana ka barci. An ce ba mai tsayawa takara sai ya nuna shaidar biyan haraji, kai kuwa rabonka da ofishin haraji tun ranar da ka fake wa ruwan sama a barandarsu. Kwantar da hankalinka. Ni nan da kake gani, tun zamanin jam'iyyu nake riƙe wa 'yan takara lema daga Kura zuwa Bunkure, mai riƙon lema kuwa yana jin abin da ko matar gida ba ta ji. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, ka biya fiye da abin da mai tallan rake ke biya, ka zo ka ƙwace lemar.

Matsalarka guda ce. A idon masu zaɓe dole ka zama attajiri, don ba wanda zai bi mai yagaggiyar riga. A idon mai haraji kuwa dole ka zama abin tausayi. Alhaji Baballe na ƙauyenmu ya haɗa biyun lafiya lau, da shi zan riƙa ba ka misali.

Mataki na ɗaya: Riga kowa kuka

Tun kafin a tambaye ka ko sisi, fara kokawa. A majalisar mai shayi, a wurin suna, a bakin masallaci, ka riƙa cewa an sa wa 'yan siyasa ido. Alhaji Baballe yakan dafa ƙirji ya ce, "Tun da soja suka dawo da haraji, mu ake hari. Me ya sa manomi ba a ce ya kawo shaidar shekara uku ba kafin ya shiga gonarsa? A yi mana adalci, a ɗauke mu daidai da kowa."

Kada ka damu da cewa manomin da kake magana a kai rasit ɗinsa na cikin hularsa, yana yawo da shi har ya jiƙe da gumi. Ba zai yi maka gardama ba, yana jiran ka biya masa kuɗin shayi. In wani mai dogon baki ya ce wanzami ba ya son jarfa, yi dariya tare da kowa, ka sa a ƙara masa burodi.

Mataki na biyu: San ranar zuwan baƙonka

Akwai ma'aikaci da ke zagaya gidaje a kan keke, yana duba wa zai biya harajin kowa da kowa, wa kuma za a sa wa kuɗin masu arziki. A wajenmu Malam Ibrahimu ne. Mutum ne mai gaskiya, abin da idonsa ya gani shi yake rubutawa. Wannan gaskiyar tasa ita ce jarinka, don haka kada ka yi gangancin ba shi cin hanci. Masinjan ofishinsu kawai za ka riƙa gaisarwa da kwandon albasa, shi zai gaya maka ranar.

Mataki na uku: Nemi mai amana

Nan ne aikin yake. Dukiyarka tana bukatar inda za ta kwana biyu, kuma ba gidan ɗan uwanka ba, don ɗan uwa in ya karɓi ajiya sai an kai shi gaban alƙali. Nemi maƙwabci talaka mai kunya, irin wanda in an ba shi ajiya gara a yanka shi da ya faɗi mai ita.

Alhaji Baballe ya sami Hambali. Hambali manomin rani ne, gonarsa rabin eka ce a can ƙarshen hanyar ruwa, inda ruwan madatsar Tiga ke isa a gajiye bayan ya ratsa gonakin manya, ciki har da ta Alhaji. Sau ɗaya a mako layin ban ruwa ke zuwa kansa. A waccan shekarar tumatir ya shuka, shi da matarsa Talatu suka sayar da akuyoyinta suka sayi iri da taki, kuma da tumatirin nan za su sayi hatsin da gidan zai ci har damina. Ka lura da irin mutumin da za ka zaɓa: wanda ba shi da lokacin yin shari'a da kowa.

Alhaji ya je da kansa, ya zauna a tabarmar Hambali, ya ce, "Malam Hambali, duk garin nan ba wanda na yarda da shi kamarka. Wasu 'yan kaya ne nake so su kwana biyu a wurinka. Amana ce, tsakanina da kai sai Allah."

Hambali ya ji an kira shi Malam, ya ce, "Haba Alhaji, ai gidanka ne."

Kafin la'asar jan injin ban ruwa ya shiga zauren Hambali, basfa ta jingina da katangarsa, buhunan alkama suka cika ɗakin Talatu har sai da ta fito da tukwanenta tsakar gida.

Mataki na huɗu: Talauce

Ran zuwan baƙo, cire babbar riga ka sa tsohuwar jamfa, wadda ka yi niyyar bai wa mai gadi. A naɗe darduma a shimfiɗa tabarma mai ɓula. A kawo koko ba sukari. In kana da tumbi, to wannan ba ya ajiyuwa a gidan maƙwabci, sai ka riƙa dafa shi kana cewa likita ya ce kumburi ne.

Da Malam Ibrahimu ya tambayi Alhaji sana'arsa, Alhaji ya dubi rufin zaure ya ce, "Hidimar jama'a, Malam. Ita ta cinye ni. Ɗan abin da ake gani a hannuna duk na mutane ne." Ka ga ko ƙarya bai yi ba sosai. Malam Ibrahimu ya leƙa nan, ya leƙa can, bai ga komai ba sai kaji, ya sa shi a layin talakawa. Ranar Alhaji ya biya na shekara uku a dunƙule, bai kai kuɗin man basfarsa na wata ba, aka buga masa hatimi, har aka yaba masa da kishin ƙasa.

Mataki na biyar: Bar amana ta yi aikinta

Kai dai zauna a gida. Baƙo zai shiga gida na gaba da ƙafarsa.

Malam Ibrahimu ya yi sallama a zauren Hambali, ya yi tuntuɓe da injin ban ruwa. Ya ce, "Ikon Allah. Wannan na wane ne?"

Hambali ya sunkuyar da kai ya ce, "Yana hannuna dai, ranka ya daɗe."

"Basfar fa?"

"Ita ma tana hannuna."

"To ai shi ke nan. Ku ne masu ɓoye arziki kuna yawo da silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi."

Talatu na bayan ƙyaure tana ji, ta yi gyaran murya har sau nawa, Hambali bai ɗago ba. Aka sa masa kuɗin masu arziki, wanda ko ya sayar da rufin ɗakinsa ba zai haɗa ba. Washegari Alhaji ya aiko aka kwashe kaya, ya haɗo wa Hambali da goro. Kai ma kada ka manta da goron, ɗan siyasa ba ya rasa godiya.

Mataki na shida: Ranar kame, yi tafiya

Ran kasuwar Bunkure masu haraji ke gitta gora a kan gada, duk namijin da ya zo wucewa ya nuna rasit. Motocin manya ake ɗaga wa gorar da gaisuwa, masu ƙafa da masu keke ake tsayarwa. Wannan tsari ne mai kyau, kada ka bari a taɓa shi in ka hau kujera.

A wannan makon ran kasuwa ta zo daidai da ranar ruwan Hambali. Tumatirinsa ya yi fure, gona ta yi rawaya gwanin sha'awa, lokacin da ba a wasa da ban ruwa. Ya fito da fartanya a kafaɗa da tiyo a hannu, aka tare shi. Ya cire hula ya zaro rasit. Mai duba rasit ya dubi sunan ya ce, "Wannan na talakawa ne. Kai kuwa mai arziki ne, Alhaji Hambali."

"Ku bar ni in ba tumatir ruwa in dawo, don girman Allah. Yau ne layina."

"Ka aiki direbanka."

Aka zaunar da shi a rana tare da sauran, da yamma aka wuce da shi bayan kanta. Alhaji Baballe kuwa tun da safe ya tafi Kano karɓo hotunan takara. Yaran gonarsa da suka ga ba kowa a ƙarshen layi, suka toshe hanyar da laka suka juya ruwan cikin alkamar Alhaji, don kada ruwan gwamnati ya tafi a banza. Ka ga amfanin tarbiyyar yara.

Mataki na bakwai: In matar ta zo, ba ta haƙuri

Za ta zo. Talatu ba mai fita ba ce, amma ta yafa mayafi ta tsaya a ƙofar Alhaji har ya fito. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Alhaji, Malam ba zai faɗa ba, ka san halinsa. Kai ka je ka gaya musu kayanka ne. Fure yana zubewa."

Kada ka musa, kada kuma ka amsa. Alhaji ya girgiza kai ya ce, "Wallahi Talatu, abin nan ya fi damuna fiye da ke. Irin zaluncin da nake so in shiga in gyara ke nan. Ki ƙara haƙuri, ina nan ina bin manya."

Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a saki Hambali a ranar, ni shaida ne, ina riƙe da lema. Amma alherin da ba a gani ba asara ne a lokacin zaɓe. Juma'ar farko Alhaji bai shirya maroƙi ba, sai ya bari sai ta gaba. Kafin nan layin ruwa ya sake zagayowa ya wuce.

Mataki na takwas: Cece shi a gaban jama'a

Bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya sa babbar riga mai aiki, ya hau basfa, maroƙi a gaba, jama'a a baya, har ofis. Aka ba shi kujera da ruwan sanyi. Ya yi wa shugaban ofishin raɗa, aka yi dariya, aka ce ai kuskuren rubutu ne, aka fito da Hambali yana ƙifta ido.

Alhaji ya ɗaga hannun Hambali sama ya ce, "Jama'a, ni da wannan bawan Allah duk ɗaya muke a gaban doka. Harajin da ya biya shi na biya." Aka yi tafi har da guɗa. Hambali ya yi godiya, ya zare hannunsa, bai ko biya gida ba ya nufi gona. Ya tarar ƙasa ta tsage, fure ya zube, 'yan tumatirin da suka riga suka ɗaura sun ƙanƙance kamar goriba ta bushe. Mutane sun ce ya daɗe a tsugune a kan kunyar gonar. Kai wannan ba ya cikin aikinka, hotuna za ka je ka manna.

Mataki na tara: Karɓi duk abin da aka kawo maka

Alhaji ya ci zaɓe da rata mai yawa. Aka yi walima, aka kafa tukwane a ƙofar gida. Ana cikin cin abinci sai ga Talatu da kwano a ka, ta ratsa maza ba ta dubi kowa ba, ta sauke shi a gaban Alhaji. 'Yan busassun tumatir ne, ko cikin kwanon ba su rufe ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da gonar ta ba mu bana, gaba ɗayansa. Tunda yanzu kai ne hukuma, na ce gara in kawo maka da kaina, kada a sake tare Malam a gada."

Har maroƙi sai da ya sauke hannu. Ni kaina sai da lemar ta yi mini nauyi. A irin wannan lokacin ake gane wanda aka haifa don siyasa. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Madalla da Talatu, Allah ya yi albarka. Ku ga yadda talakawa ke ƙaunata." Ya miƙa kwanon a kai wa masu girki su zuba a miya.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu riƙon lema ne aikinsa, ba shi da gona, ba shi da kujera. Ba ruwansa da furen da ya zube, ko maƙwabcin da ya daina zama a sahun da kake, ko hatsin da ya ƙare a wani gida tun kafin bazara. In ka bi matakan nan aka zuba maka irin wannan miyar ta tsaya maka a maƙogwaro, kada ka neme ni, laifinka ne, ba ka dace da aikin ba tun farko. Alhaji Baballe ya cinye tasa tas, ya suɗe hannu, ya nemi ƙari.