Eriyar da na kafe da siminti

Shekara tara ina walda a wata masaƙa a Challawa, saboda haka ba a ba ni shawara kan ƙarfe. Maƙwabcina Bitrus kuwa murfin tukunya ya ɗaure a kan gora, in zai canja tasha sai ya fita ya murɗa gorar. Kullum ina masa dariya.

Na sayo eriya mai haƙarƙari goma sha biyu, na yi mata walda a kan dogon bututu, na haƙa rami na zuba siminti. Ranar babu wuta.

Bitrus ya ce, "Malam, ba ka jira a kawo wuta ka gwada ba?"

Na ce, "Mu a kamfani da ido muke awo."

Sai bayan kwana uku aka kawo wuta. Siminti ya bushe, talabijin kuwa babu komai sai shuu. Na rungumi bututun ina nishi, ko gezau. Aikina ne, ai dole ya yi ƙarko.

Maiɗakina ta kwashi yara suka tafi kallo gidan mai murfin tukunya. Daga baya ta ɗaura wa bututun igiyar shanya. Har yau in Bitrus ya hango zannuwa suna kaɗawa sai ya ce, "Injiniya, yau tashar ta fito tar."