Gadar da Na Ce Na Tsaya a Kanta

Ko zan manta da komai a zamana na garin Greensboro a Amurka, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo neman auren 'yata Rukayya ba.

Sana'ata saye da sayar da kayan gida na hannu. Idan Bature ya rasu a unguwar Sedgefield, magada suka buɗe gida don gwanjo, ni ne a gaban layi. A wani irin gida na samo hotuna shida cikin firam na katako, kwafin zanen tsoffin garuruwan Faransa: kogi, kwale-kwale, gidaje masu tsinin rufi, hasken yamma kwance a kan ruwa. Na kai su shagona a titin Wendover da niyyar sayarwa, amma na kasa. Kullum sai in tsinci kaina tsaye ina kallonsu. Daga ƙarshe na kwaso su na jera a bangon falona.

To, dillali ba ya barin kaya ba labari. Kujera ma sai na ce ta wani alƙali ce (Allah ya yafe mini, alƙalan da na ƙirƙiro sun isa cika kotu). Haka hotunan nan suka zama Faris a bakina.

A al'ada uban yarinya ba ya magana ranar neman aure, waliyyi ke yi. Da yake 'yan'uwana duk suna Kano, aminina Alhaji Sani ya tsaya mini. Tun a waya ya gargaɗe ni.

"Kai dai ka gaisa ka rufe bakin nan. Mutanen Zinder ne, sun zo ganin irin gidan da za su ɗauki mata. Ba ciniki aka zo ba."

Suka iso da goro da alewa. Jagoransu kawun yaron ne, Malam Isufu, dattijo siriri mai farin gemu, tsohon malamin makaranta. Bayan gaisuwa sai na ga ya miƙe ya tsaya gaban hoto na uku, mai gadar dutse. Ya ƙura masa ido. Ni kuwa idan na ga mutum ya ƙura wa kayana ido, bakina ba ya neman izinina.

"Faris ke nan, Malam," na ce. "Ni da kaina na tsaya a kan gadar nan. Iska mai daɗi."

Alhaji Sani ya yi gyaran murya. Ban ji ba. Har na ƙara da cewa na sha shayi a gefenta.

Malam Isufu ya juyo a hankali. "Alhaji, wannan garin Rouen ne, ba Faris ba. Nan na yi karatu. Gadar kuwa ta rushe a yaƙin duniya na biyu, kafin a haife ni."

Daga kicin, ƙarar cokulan uwar Rukayya ta ɗauke.

Amma dattijon bai tsaya a kaina ba. Ya ɗora yatsa kusa da gilashin. "Kun ga hasumiyar majami'ar nan? Tana nan har gobe. A bayanta na kama ɗaki. Gadar, hotonta kawai tsohuwar da ta ba ni haya take nuna mini. A kanta mijinta ya fara yi mata magana." Ya nuna mana mata masu wanki a bakin ruwa, ƙanana kamar ƙwayar gero, da mai burodi, da hayaƙin da ke fita daga wani rufi. Shekara biyu ina wuce hoton nan safe da yamma, ban taɓa ganin matan ba. Kai ka ce ruwan zai motsa. Garin da bom ya cinye rabinsa, ga shi tsaye cur a bangona, ga kuma mutumin da ya san titunansa.

Sannan ya miƙo mini mafita. "Gadojin Faransa suna kama da juna. Wataƙila wata ka hau."

Da na ce "haka ne", da an wuce wurin. Amma mutumin nan zai koma ya gaya wa danginsa ko wane ne uban Rukayya.

"Malam," na ce, "abin da na sani a Faransa filin jirgi ne. Awa huɗu a kan benci ina jiran jirgin Abuja. Shayin dai na sha, a kofin takarda."

Ya yi dariya har ya dafa kafaɗata. Ya dubi Alhaji Sani. "To, waliyyi, mu zauna. Gidan da ake janye magana a gaban baƙi, muna son 'yarsa."

Aka raba goro. Alhaji Sani bai bar ni na sake cewa ko "amin" da ƙarfi ba.

Yanzu idan baƙo ya tsaya shiru gaban wani abu a gidana, nakan ja kujera in zauna. Sau da yawa ya fi ni sanin abin da na rataye.