Yadda Za Ka Mayar da Kajin Matarka Tsuntsayen Daji

Malaman kimiyya sun ce kafin halitta ta rikiɗe ta zama sabon iri sai an share shekaru dubbai, wanda ya dace da wuri yana tsira yana hayayyafa, wanda bai dace ba yana shan ƙasa. Wannan lissafin waɗanda ba sa yin baƙi ne. Muntaka, na wani ƙauye a bayan Minjibir, ya gama aikin tun furfura ba ta fito masa ba. Bi sawunsa, na ba ka tabbacin za ka ga aiki da cikawa.

Mataki na ɗaya: Nemi kajin da ba naka ba

Mai hankali ba ya gwaji da dukiyarsa. Luba, matar Muntaka, ta zo gidan da manyan kaji masu ƙirji, irin da mahaifinta Malam Kamilu na Bagwai ya daɗe yana tacewa. In suna tafiya har rangaji suke yi. Su ne abin da ta mallaka duk duniya. Ita ce dusa, ita ce sharar akurki, kai kuma naka wuƙa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mataki na biyu: Zama mutumin kirki a zaure

Duk wanda ya yi sallama babban baƙo ne: mai tallan maganin basir, mai neman kansila, har wanda ya tsaya tambayar hanyar tasha. Riƙe masa riga ka ce, "Wallahi ba za ka tafi ba ka ci komai ba." Da haka Muntaka ya yi suna, har majalisa ta laƙaba masa Mai Wuƙa a Aljihu, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Mataki na uku: Kada ka zaɓa, bi su da gudu

Nan sirrin yake. Tattare riga ka faɗa tsakar gida, wadda ta fara shiga hannu ita ce rabon baƙo. Wace ce ke fara shiga hannu? Mai ƙiba, mai natsuwa, wadda ta yarda da mutane. Wace ce ke kwana da ranta? Siririya mai dogayen ƙafafu da mugun zato, wadda ta riga ta haye katanga. Ita za ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In 'ya'yan sun tasa, ka sake bin su da gudu.

Mataki na huɗu: Toshe kunne

Za a yi maka magana. Luba ta sha cewa, "Malam, don Allah ka bar min ko zakara ɗaya mai jiki. Iri kake yankawa fa, ba nama ba."

Ga amsar Muntaka, haddace ta: "Haba Luba, kaza ai kaza ce. Baƙo da arzikinsa yake zuwa." Faɗi haka kana sakace, ya fi shiga.

Mataki na biyar: Raba su da dangi

A kwana a tashi, kajin Luba suka bar akurki suka koma kan tsamiya. Zakarun maƙwabta sun zo neman aure, sun koma suna haki. Ba mai cim musu sai ɗan'uwansu siriri irinsu, ka ga ƙofar iri ta rufe ke nan. Da sun ji sallama a zaure, sai fir, sun yi sama. Shaho ma ya daina wahalar da kansa. Luba ta watsa tsaba ta yi ta kira, suna leƙenta daga reshe kamar ba ita ta raini kakanninsu ba. Abin ya ci mata rai, ta aika wa mahaifinta.

Mataki na shida: Karrama surukinka

Malam Kamilu ya zo da wani jan zakara, shi kaɗai ya rage masa bayan cuta ta share masa akurki. Ya ajiye shi ɗaure a zaure, ya shiga gaisawa da 'yarsa. Muntaka ya dawo daga gona ya ji suruki ya sauka. Ya zaga bayan gida ya bi kaji cikin dawa, ya faɗa ƙaya, ya yage riga, ko gashi bai kamo ba. Ya dawo zaure yana numfarfashi, sai ga zakara a kwance, ɗaurarre, kamar an saukar masa. Gwani ba ya tambaya. Ya yanka ya kai wa mai gasa nama a tasha, ya kawo wa suruki.

Tsoho ya ci ya yi hamdala. "Ashe da sauran irin nan a gidan. Luba ta tayar min da hankali a banza." Yana wanke hannu ya ƙara, "Muntaka, a kwance zakaran da na zo da shi, a sake shi cikin kajin."

Luba, da ke bakin ƙofa da buta, ta sunkuya ta ɗauki igiyar da aka ɗaure ƙafar zakaran. Malam Kamilu ya dubi ƙasusuwa, ya ɗaga kai ya dubi tsamiya.

"Waɗancan fa?"

"Kaji ne, Baba."

"A'a," in ji tsoho. "Na san kaza."

Da la'asar Luba ta bi mahaifinta Bagwai ganin gida. An yi girbi, an yi sussuka, har yanzu gidan take gani.

Hattara

Ni dai hanya na nuna, ban riƙe maka wuƙa ba. In ka wayi gari da sabon irin halitta a kan tsamiya da ɗaki ba kowa, kai da surukinka. In kuma ka zo min ƙorafi, sallama a hankali, akwai kajin uwargida a tsakar gida, kuma ruwa kawai za ka sha.