Guɗata a Taron Gwamnati

Ba zan taɓa mantawa da ranar da gwamnati ta dasa mini makirufo a gaban baki ba. Ko na yi niyyar mantawa ma matan unguwarmu ta Kilomita Biyar ba za su ƙyale ni ba, don har yau in aka haɗu a gidan suna sai wata ta kama hancinta ta kalle ni, sauran su kwashe da dariya.

Ni dai matar gida ce. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, Faransancina kuma na sayen tumatir ne da gaisuwa. Sango kuwa, yaren ƙasar, ina ji sarai, a nan Bangui aka haife ni. Ba na kasuwanci, ba na yawo, sai in yi wata ban taka Titin Koudoukou ba. Abu ɗaya Allah Ya ba ni wanda ba kowa ke da shi ba, shi ne guɗa. Wajen Goggo Ladi na gada, yayar babana, wadda aka zo da ita Bangui a goye daga ƙasar Katsina. A bayan ɗaki take tsayar da ni, kusa da randa, ta ce in kama hanci da yatsu biyu, in rufe ido, in ɗauko numfashin daga cibiya. In na yi ba daidai ba sai ta ce wannan kukan akuya ne, in sake. Kuma dokarta ce guɗa uku ake yi a jere, wadda ta tsaya a biyu ta yi wa amarya rowa.

A wancan zamanin in ana biki a Yakité, ɓangarenmu na unguwar, ina kwance a ɗaki zan gaya maka guɗar wace ce. Ta Goggo tana tashi siririya ta yi lilo a sama kafin ta sauko. Ta Inna Mairo mai waina gajera ce, kamar tana sauri kada tanda ta ƙone. Ranar kai amarya mata ne cike da lungu, ana kiɗan ƙwarya, ana shantu, turaren wuta har bakin titi, masu shaguna suna leƙowa. Maƙwabtanmu da ba Musulmi ba su ma sukan fito su tsaya, a miƙa musu alkaki da nakiya.

Sai rikici ya zo. Ba zan tsaya in ba da wannan labari ba, duk wanda ya zauna garin nan ya sani. Manyan motoci suka kwashi mutane zuwa Kamaru da Cadi, a ciki har da matan da suka iya ƙwarya. Goggo ta riga ta rasu kafin nan, Allah Ya ji ƙanta. Da ƙura ta lafa aka ci gaba da aure, amma sai ka ga an ɗauko wani saurayi da lasifika yana danna waya, shi ke nan an yi biki. 'Yan matanmu ka yi musu Hausa su amsa maka da Sango. Sadiya tawa da na ce ta zo in koya mata guɗa, cewa ta yi hancinta yana mata ƙaiƙayi.

To, ana nan wata rana sai ga Hajiya Balaraba, shugabar ƙungiyarmu ta mata, mai shagon atamfa a kasuwa. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce ma'aikatar al'adu za ta yi babban taro a cikin gari, kowace ƙabila ta kawo kiɗanta da rawarta. Waɗanda suka burge za a taimaka musu da wuri da kayan aiki don su koya wa yara. Ta ce mu ma an sa sunanmu, matan Hausawan Kilomita Biyar, kuma in muka bari wannan ta wuce mu, nan da 'yan shekaru ba za a samu mai kifa ƙwarya a ruwa ba a duk unguwar. Ta ce ɗaki ɗaya kawai take so, inda za a tara 'yan mata ranar Lahadi.

A tsakar gidana muka riƙa gwaji. Muka tono tsofaffin ƙore daga ƙarƙashin gado, wata ta samo shantun uwarta da ya tsage aka ɗaure shi da roba. Waƙoƙin kuwa rabi-rabi kowa ta tuna, ni ce nake cike musu gurbi, don abin da ya shiga kunnena ba ya fita. (A nan ne kaina ya fara kumbura, ba zan ɓoye ba. Har zuma na sa maigida ya sayo mini don maƙogwaro, na daina shan ruwan sanyi kamar wata babbar zabiya.)

Ana gobe taro Hajiya ta ja ni gefe ta ce an ba mu wata girmamawa ta musamman. Masu shirya taron sun ji labarin guɗata, suna so ni zan tarbi minista da ita. Na ce yaya zan gane shi, ni da ban taɓa ganin minista ba sai a kalanda?

Ta ce, “Maman Sadiya, ba sai kin gane shi ba. In ya shigo kowa zai miƙe tsaye. Kina ganin an miƙe, ki sake ta.”

Na ce in dai wannan ne an gama.

Washegari muka cika tasi biyu da ƙore da tabarmi. Rabon da in shiga tsakiyar gari na manta, ina ta leƙe ta taga kamar baƙuwa. Zauren babba ne, fanka na juyawa a sama. Ga masu busa manyan ƙahonin itace, ga masu kiɗan katako, ga matan bakin kogi da ɗaurin ganye a ƙugu. Tun bayan rikici ban zauna wuri ɗaya da mutane haka ba, namu da nasu a haɗe. Matanmu aka kai su benci can gefe. Ni kuwa wani ma'aikaci mai tabarau, wanda shi ke kai da kawo, ya zaunar da ni a kujera ni kaɗai kusa da dandamali, ya gyara makirufo daidai bakina, ya ce da Sango kada in taɓa komai, a kunne yake. Ya ƙara da cewa gidan rediyo na watsa taron kai tsaye. Na gyara ɗaurin kallabi.

Minista bai zo da wuri ba. Aka jira har aka gaji, sai aka fara babu shi. Wani mai kwat ya hau ya yi ta zuba Faransanci, irin mai tsawon nan da ba ya kama da na kasuwa. Ni ban ma sa kunne ba, ina ta haɗiyar yawu ina gwada numfashi. Can sai na ji muryarsa ta sauka ƙasa, kujeru suka yi ƙara, zauren nan kaf ya miƙe tsaye.

Na miƙe ni ma. Kunnena ya gaya mini shirun ya yi yawa, ko tari babu, sai fanka. Amma ku ji irin tunanin da na yi: na ce a raina, kai, mutanen gwamnati sun san darajar guɗa, ga shi har sun yi mini tsit. Na kama hanci, na rufe ido, na ɗauko ta daga cibiya.

Wallahi ban taɓa yin mai kyan ta ba. Ta tashi siririya ta yi lilo a saman rufin, lasifikoki huɗu suka karɓa suka raba wa kowane lungu. Na ji kamar Goggo ce a bayana. Na ja numfashi na saki ta biyu, ta fi ta farko tsawo. A tsakiyarta ne na lura babu tafi, babu ganga, babu motsin shigowar kowa. Mai hankali a nan zai buɗe ido. Ni kuwa na tuna wadda ta tsaya a biyu ta yi rowa, sai na ɗauko ta uku.

Ban kai ƙarshenta ba na ji an fizgi zanena ta baya. Na buɗe ido. Mutane ɗaruruwa a tsaye, kawuna a sunkuye, wasu sun ɗago suna kallona baki buɗe. Mai kwat ya daskare da takarda a hannu. Hajiya Balaraba ce ta rarrafo daga bencinsu, fuskarta kamar za ta yi kuka.

Ta ce a hankali, “Don girman Allah ki saki hancin nan. Shirun mamata ake yi.”

Na ce, “Waɗanne mamata?” (Na manta makirufo a kunne yake. Wannan ma duk ƙasa ta ji.)

Ta janye ni daga bakinsa ta ce, “Waɗanda suka mutu a rikici. Namu da nasu.”

Ni tunda nake ban taɓa jin ana miƙewa tsaye a yi wa mamaci shiru ba. Mu zama muke yi, a ɗaga hannu, a yi addu'a, a raba sadaka. Ashe su a taron gwamnati haka suke yi. Kuma cikin waɗanda aka yi wa shirun har da ƙanena Sale, wanda ya fita buɗe shago wata safiya bai dawo ba. Gwamnati ta tsayar da zaure guda don ta tuna da shi, yayarsa ta rangaɗa guɗa kamar an kawo lefe. Na koma kujera, na ja mayafi har kan hanci, na roƙi Allah Ya tsaga simintin nan in shige.

Ba a jima ba minista ya iso da gaske. Kowa ya miƙe, mai tabarau ya juyo yana yi mini alama da hannu, Hajiya tana yi mini alama da ido. Ko motsi ban yi ba. Na ce ba za a yi da ni sau biyu ba. Haka bawan Allah ya shigo shiru, shi da aka shirya wa guɗa.

Can sai layi ya zo kanmu. Matanmu suka shimfiɗa tabarma, aka kifa ƙwarya a ruwa, aka ɗauki waƙar rakiyar amarya. Sun yi ƙoƙari, amma duk jikinsu ya mutu, kowa na kallon ƙasa. Aka zo gaɓar da uwar amarya ke sakin hannun 'yarta, inda dole guɗa ta shiga, in babu ita waƙar ba ta da gishiri. Na kama hanci, na buɗe baki. Abin da ya fito kamar an tura ƙofa mai tsatsa. Na sake gwadawa, babu. Masu kiɗa suka maimaita gaɓar suna jirana, Hajiya na zufa.

Sai daga bencin matan bakin kogi wata tsohuwa mai ƙaramin gicciye a wuya ta miƙe ta saki tasu guɗar. Su ba sa kama hanci, da harshe suke yi suna bubbuga baki da tafin hannu. Ta kusa da ita ta karɓa, na bayansu suka karɓa. Ƙwaryarmu ta farfaɗo, shantu ya shiga. Ni ma ban san lokacin da maƙogwarona ya buɗe ba, na bi bayansu da tawa, hawaye na zuba a kan yatsuna. Da muka sauko tsohuwar ta riƙe hannuna ta ce da Sango ita ma ɗanta na cikin waɗanda aka yi wa shirun, kuma a rayuwarsa ba ya son wuri ya yi tsit, da yana nan shi zai fara dariya. Na ce mata singila, wato na gode.

A gida na tarar labari ya riga ni. Maigida yana shago rediyo a kunne, maƙwabtansa na layin duk sun taru don su ji matan unguwa. Ya ce tun daga guɗar farko ya san daga gidansa ta fito. Mai canjin kuɗi na kusa da shi ya ce, Alhaji, wannan ba muryar ɗakinka ba ce? Shi kuma ya ce a'a, rediyon ne ke shan iska. Ana cikin haka sai ga ni ina tambayar waɗanne mamata.

Watannin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Ba a ji komai daga ma'aikata ba, matan ƙungiya kuma suka yanke cewa ni na kashe maganar. Hajiya in na gaishe ta sai ta amsa da hanci. Ni kaina na yarda na jawo wa 'yan matan unguwa asarar ɗakinsu, na daina zuwa biki, in an aiko in ce mura nake.

Bayan damina sai ga mai tabarau a babur har ƙofar shagon Hajiya, aka aiko a kira ni. Ya ce an ba mu ɗaki a gidan taron unguwa duk ranar Lahadi, da tabarmi, da sababbin ƙore, da lasifika ɗaya. Ya ce da aka zauna zaɓe, ƙungiyoyi sun yi yawa har an rikice wace ce wace, amma da aka ambaci Kilomita Biyar babu wanda ya ce a tuna masa. Sannan ya dafa lasifikar ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, “Mama, wannan ta masu waƙa ce. Ke an ce kada a ba ki.”

Yanzu ranar Lahadi ɗakin yakan cika. Hausarsu a karkace take, rabin surutun da Sango ake yi, amma ƙwarya na tashi. Ni ce malamar guɗa, kuma darasina na farko ba ya taɓa hanci. Cewa nake su buɗe ido su dubi fuskokin mutane tukuna, don ba kowace miƙewa ce ta murna ba, kuma in an yi shiru ba lallai ke ake jira ba. Ni kaina na riƙe wannan darasi da kyau, wataƙila ma fiye da kima. Bikin da aka yi a Yakité kwanan baya, na tsaya ina duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya don in tabbatar, kafin in kai hannu hanci motar amarya ta sha kwana.